Babi na Bakwai: Hunturun Masu Tsere Uku

Gab da ƙarfe biyar na asuba, ranar wata Asabar a farkon Agusta, jirgin fito mai ɗaukar motoci yakan tsaya cik a tsakiyar mashigin tekun Hardanger da ke yammacin Norwe, ya wangale ƙofarsa, mutum ɗari biyu da ɗoriya su yi ta dirowa cikin ruwa mai sanyin ɗauke numfashi. Daga nan sai iyo na kilomita 3.8 zuwa ɗan ƙaramin garin Eidfjord. Suna fitowa su haye keke, su yi kilomita 180 suna ratsa tudun Hardangervidda, sannan su jingine keken su kama gudun fanfalaki na kilomita 42.2. Mutum 160 na farko da suka isa shingen tantancewa da ke kan hanyar gudun su ake bari su ƙarasa can ƙololuwar dutsen Gaustatoppen, mai tsayin mita 1,883, su karɓi baƙar riga. Sauran a ƙasa za su kammala, a ba su fara. Sunan gasar Norseman, kuma da mutum 21 aka fara ta a 2003.

Abin da ya sa na kawo ta a nan wata doka ce tata. Masu shirya gasar ba sa jera rumfunan ruwa da abinci a hanya yadda ake yi a sauran gasannin tirayatalon, wato tseren da ya haɗa iyo da keke da gudu. Kowane ɗan tsere shi zai zo da motarsa da mai hidimarsa, wanda zai riƙa shan gabansa yana miƙa masa gora da ayaba da rigar sanyi. A kilomita biyar ɗin ƙarshe kuwa, daga wurin da ake kira Stavsro, ba a yarda kowa ya hau dutsen shi kaɗai ba. Sai mai hidimar ya ajiye mota ya bi shi da ƙafa, kowannensu goye da jaka mai kayan ɗumi da abinci da fitila. Sau da yawa mai hidimar nan mijin 'yar tseren ne, ko matar ɗan tseren. Bana ita ke cikin ruwa shi yana riƙe da sitiyari, wata shekarar su sauya.

Ba sabon abu ba ne. Wannan dogon tsere tun asali a hannun mata da miji aka haife shi. John Collins, hafsan sojan ruwan Amurka, da matarsa Judy, su suka haɗa gasanni uku na tsibirin Oahu da ke Hawai, na iyo da na keke da na gudu, suka mai da su abu ɗaya. Ranar 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka tashi, 12 suka gama, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Shi ne Ironman na farko, kuma a ranar ma kowa da nasa masu hidimar ya zo.

To amma Hawai ba ta san hunturu ba. Norwe kuwa rabin shekararta hunturu ne, kuma duk wanda zai diro daga jirgin fiton nan a Agusta, a watannin duhu ya tara ƙarfin da zai kashe ranar.

Mu ɗauki wasu ma'aurata a matsayin misali, ba sai mun raɗa musu suna ba, don irinsu ba su ƙirguwa a Oslo da Bergen da Trondheim. Dukansu suna aiki, suna da yara biyu. A watan Disamba, rana ba ta fitowa a Oslo sai bayan ƙarfe tara, kuma uku na wucewa kaɗan ta faɗi. Tituna sun daskare, keken tsere mai siririyar taya ba ya takawa. Wanda ke shirin dogon tirayatalon yakan buƙaci awa 10 zuwa 15 na atisaye a mako, ka ga su biyu awa ashirin zuwa talatin ke nan da za a yanko daga barci da hira da girki. Saboda haka sai gida ya koma kamar tashar mota. Ita ta tashi ƙarfe biyar ta tafi wurin iyo kafin a cika, shi ya shirya yara ya kai su makaranta. Da daddare shi ya sauka ɗakin ƙasa, ya ɗaure kekensa a kan na'urar da ke riƙe shi wuri ɗaya, ya kunna fanka da manhajar Zwift, ya yi ta murza feda yana kallon hotonsa na gudu a allo, ita kuma tana sama tana duba aikin gida na yara. A jikin firij akwai jadawali. A hannun kowa akwai agogon da ke ƙirga bugun zuciya, da ƙarfin da ƙafa ta zuba, da awannin barci. Wasa ɗaya suke yi, ƙarƙashin rufi ɗaya, amma a mako guda da wuya su yi atisaye tare sau ɗaya.

Ko sun so ma, jiki ba ya yarda. Saurin da yake shaƙatawa ga ɗaya, azaba ne ga ɗayan, kuma ba kullum mijin ne mai ƙarfin ba. A ruwa musamman, mata da yawa sukan bar mazansu a baya. In mai ƙarfi ya sassauta, ya ga ya yi asarar rana. In ɗayan ya matsa don ya kamo, ya gaji fiye da kima, gobe ya kasa.

Manyan 'yan wasan ƙasar suna da mafita. Kristian Blummenfelt da Gustav Iden, dukansu 'yan Bergen, garin da ruwan sama ya fi rana yawan zuwa, sukan tattara su tafi sansanonin horo irin na duwatsun Sierra Nevada a Sifaniya, suna atisaye ana tsaga musu yatsa ko kunne ana auna sinadarin laktet a ɗigon jini. Da haka Blummenfelt ya ci zinaren Olamfik a Tokyo a 2021, ya ƙara da kambun Ironman na duniya a Mayun 2022, Iden kuma ya ci na Kona da ke Hawai a Oktoban shekarar. Wannan sana'arsu ce. Ma'auratanmu ba su da wanda zai biya musu wata uku a Sifaniya. Abin da suke da shi shi ne Asabar da Lahadi, da kakannin yara in an yi sa'a, da dusar ƙanƙara da ta rufe ƙasar tun daga bakin gari.

A nan kimiyya ta goyi bayansu. Stephen Seiler, Ba'amurke masanin aikin jiki da ke koyarwa a Jami'ar Agder a Kristiansand, ya daɗe yana bin diddigin yadda gwanayen wasannin juriya suke horo, masu tuƙin kwalekwale da masu gudu da masu zamiya a kan dusar ƙanƙara. Abin da ya gano shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu a hankali suke yin sa, ragowar kaɗan ɗin ne suke ƙure kansu. Kuskuren masu sha'awa shi ne su riƙa zama a tsakiya, kullum da ɗan wahala, babu hutu babu ƙurewa. Ma'aunin "a hankali" ɗin nan kuwa ba ya buƙatar na'ura: in kana iya yin magana jimla cikakkiya ba ka haki, kana daidai. Wato atisayen da ya fi gina jiki shi ne wanda ake iya hira a cikinsa. Ga mata da mijin da suka kwana biyar suna gaisawa a bakin ƙofa, wannan ba ƙaramin albishir ba ne.

Siki, wato dogayen katakan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a riƙa zamewa ana dogara sanduna, ya dace da wannan buƙata fiye da kowane abu. Hannu na aiki, ƙafa na aiki, baya da ciki na aiki, ga shi babu dukan ƙasa da ke cinye gwiwar mai gudu. Shi ya sa in ana lissafin mutanen da jikinsu ya fi iya sarrafa iskar numfashi, masu wannan wasa ne a sahun gaba, irin su Bjørn Dæhlie mai zinare takwas na Olamfik. Awa biyar a kan keken ɗakin ƙasa horo ne na haƙuri. Awa biyar a kan siki yawon buɗe ido ne da ke biyan kuɗin kansa.

Kuma ƙasar ta shirya wa wannan. Dokar 1957 ta tabbatar da tsohuwar al'adar da ta ba kowa damar ratsa daji da dutse, ko na wane ne, muddin bai shiga gona ko harabar gida ba. Ƙungiyar masu yawon duwatsu ta ƙasar, DNT, wadda aka kafa a 1868, tana da masaukai na katako sama da 500 warwatse a tsaunuka. Da yawansu babu mai gadi. Mabuɗi iri ɗaya ne ke buɗe su, kowane ɗan ƙungiya na iya karɓa. Ka shiga ka tarar da itace da murhu da gadaje, a wasu har da abincin gwangwani a kanta; ka ci, ka rubuta abin da ka ci, ka biya da kanka. Na san mai karatu zai yi murmushi a nan, ni ma na yi. Wajen ƙarshen hunturu, kusa da hutun Ista, 'yan ƙungiyar sukan bi manyan hanyoyi suna kakkafa rassan itace a dusar ƙanƙara don matafiyi ya ga hanya ko hazo ya sauko. A jakar kusan kowa za ka sami lemon zaƙi da cakulan Kvikk Lunsj.

A irin wannan tafiya ce bambancin ƙarfi ke daina zama matsala. Mai ƙarfi shi zai shige gaba yana fasa sabuwar dusa, aikin da ya ninka na mai bin sawu. Shi zai ja sululun kaya a bayansa, da tanti da risho da abinci. Sai ka ga bugun zuciyarsu ya zo ɗaya alhali ƙarfinsu ba ɗaya ba, abin da keke da gudu suka kasa yi musu duk shekara. Da yamma su isa masauki, ɗaya ya hura wuta ɗaya ya narka dusa a tukunya. Babu waya, babu jadawalin firij.

Da a nan maganar ta tsaya, da babin ya zama talla. Amma akwai wani abu da tirayatalon ke dasawa a zuciyar mai yin sa wanda dutse ba ya so ko kaɗan.

Hoton da ya sa duniya ta san Ironman na wata ɗaliba ce mai shekara 23, Julie Moss. A Fabrairun 1982 tana kan gaba a Kona, saura 'yan taku ta gama, ƙafafunta suka ƙi. Ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuma ta ƙarasa da rarrafe, gidan talabijin na ABC yana ɗauka. Dubban mutane sun shiga wasan saboda wannan rarrafen, kuma darasin da suka ɗauka shi ne: jiki maƙaryaci ne, in ya ce ka tsaya kada ka saurare shi. A filin gasa wannan darasi yana da wurin zama, domin akwai likitoci a gefe, akwai motar asibiti, akwai shinge da lokacin rufewa. Wani ne ya ɗauke maka nauyin tunanin haɗari, kai naka kawai ka jure.

Norwe kuma tana da nata labarin da ta gina tarbiyyarta a kai. A hutun Ista na 1967 guguwa ta rutsa da masu yawon duwatsu, mutum 18 suka rasu. Bayan wannan ne DNT da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka tashi haiƙan wajen cusa wa jama'a ƙa'idojin zaman lafiya a dutse, waɗanda aka fara tsarawa tun 1952, aka kuma sabunta su a 2016. Guda tara ne, yaran makaranta ma sun san su. Ka faɗa wa wani inda za ka. Ka daidaita tafiya da iyawarka da yanayin ranar. Ka ɗauki taswira da kamfas. Wadda ta fi shahara ita ce ta takwas, mai cewa mutum ya juya tun da sauran lokaci, kuma babu abin kunya a juyawa. Mu ma mun san ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sai dai ka yi tunanin mutumin da ya shafe shekaru yana koya wa kansa cewa tsayawa ita ce babbar faɗuwa, yau an ce masa ya juya saura mita ɗari biyu ya kai ƙololuwa.

Ƙarfin jikin ma kansa tarko ne. Wanda bai da horo, gajiya za ta mai da shi mota tun bai yi nisa ba. Ɗan tirayatalon kuwa cikin awa uku ya kai inda ƙwararren ɗan dutse ke kaiwa, ba tare da ya san kashi ɗaya cikin goma na abin da wancan ya sani ba. Ya saba fita da 'yar riga mara nauyi don ya san gudu zai ɗumama shi. Ya saba jiƙewa da gumi. A tudun da iska ke kaɗawa ba abin da ke tare ta, gumin nan shi ne abokin gaba: muddin kana tafiya lafiya lau, amma igiyar takalmi ta tsinke ko ɗayanku ya gurɗe, minti goma na tsayuwa ya isa jiƙaƙƙiyar riga ta fara zuƙe ɗumin jiki. Ga shi horo ya narkar da kitsen da zai kare shi. Zafin jiki na sauka ƙasa da digiri 35, tunani ke fara rikicewa, kuma mai abin shi ne na ƙarshe da zai lura. Sai na kusa da shi ne zai ga magana ta fara sarƙewa, hannu ya kasa jan zif. Shi ya sa tsofaffin hannu suke tafiya da saurin da ba ya kawo gumi, su sa ulu a jikin fata, su tuɓe riga kafin hawa su mai da ita da zarar sun tsaya, su kuma ci abinci tun yunwa ba ta zo ba.

Wannan a shimfiɗaɗɗen tudu ke nan. A 'yan shekarun nan abin da ya fi jan matasa masu ƙarfi shi ne hawan tsaunuka masu gangare: a manna wata fata mai gashi a ƙasan siki don kada ya zame baya, a hau har sama, a ɓare fatar, a gangaro. Ga mai son atisaye babu kamarsa, hawan mita dubu a safiya ɗaya. A nan ne kuma zaftarewar dusar ƙanƙara take.

Dusa ba dunƙule ɗaya ba ce. Hawa-hawa take kwanciya, kowace zuba da halinta. In aka yi darare masu tsananin sanyi sama tas babu gajimare, wani sashe nata yakan rikiɗe ya zama tsaba-tsaba marar danƙo. Sai sabuwa ta zubo a kai, iska ta kwaso wata ta danƙare a gefen dutsen da ke bayan iska, ta zama faffaɗan falle mai tauri. Kamar a shimfiɗa tabarma ne a kan geron da ya zube a daɓen siminti: a ido lafiya lau, sai an taka. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya raunannen sashen da ke ƙasa, tsagar ta ruga ta ko'ina cikin ƙiftawar ido, fallen gaba ɗaya ya taho da wanda ke kansa. Yawanci a gangaren da ya kai digiri 30 zuwa sama abin ke tashi, amma ana iya tayar da shi daga ƙasa, daga wuri mai faɗi, ya sauko ya tarar da mutum. A kusan tara cikin goma na haɗurran da ake rasa rai, wanda abin ya ci ko wani a cikin tawagarsa ne ya tayar da shi. In ta tsaya kuma takan daskare nan take, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa.

Tun 2013 hukumar ruwa da makamashi ta Norwe, NVE, take fitar da hasashen wannan haɗari kullum a shafin Varsom, bisa ma'aunin Turai mai mataki biyar. Abin lura shi ne ba a mataki na biyar aka fi mutuwa ba, don ranar kowa na gida. A na biyu da na uku ne, ranar da rana ta fito, dutse ya yi kyau, haɗarin kuma yana nan a wasu gangarori ba duka ba. Ranar 2 ga Janairu, 2019, a kwarin Tamok da ke arewacin ƙasar, masu hawan dutse huɗu, 'yan Finlan uku da 'yar Suwidin ɗaya, suka tafi ba su dawo ba.

Alƙaluman da ya kamata kowane mata da miji su haddace sun fito ne daga binciken da Markus Falk da Hermann Brugger da abokiyar aikinsu suka wallafa a 1994, bisa bayanan haɗurran ƙasar Suwizalan. Wanda dusa ta binne gaba ɗaya, in aka tono shi cikin minti 15, fiye da 90 cikin ɗari suna rayuwa. Zuwa minti 35, abin ya faɗo wajen 30 cikin ɗari, galibi saboda rashin iska. Babu jirgi mai saukar ungulu da zai taso ya iso ya tono mutum cikin minti 15. Ma'anar wannan a fili take: mai ceton ka shi ne wanda kuka fito tare. In ku biyu ne kawai, to mai ceto ɗaya ne, kuma shi ne mutumin da a duk duniya ya fi kowa ruɗewa da ganin an binne ka.

Aikin da ke gabansa ba kaɗan ba ne. Kowannensu na rataye da 'yar na'ura a ƙirji mai aika sigina. Sai ya juya tasa zuwa nema, ya bi lambobi har su ragu, ya warware doguwar sandar tsira ya yi ta sokawa har ya ji taushin jiki, sannan ya ɗauki shebur. Mutumin da ke zurfin mita ɗaya, sai an kwashe dusar da ta haura tan guda kafin a kai gare shi. A nan kam ƙarfin tirayatalon yana da rana. Amma ƙarfi ba ya koya wa mutum ta ina ake fara haƙa, ko yadda ake buɗe hanyar numfashi. Kuma duk wannan yana aiki ne in ɗaya ya tsira, wanda ke nufin ba a shiga gangare mai shakku tare. Ɗaya ya tsaya a amintaccen wuri yana kallo, ɗaya ya ratsa, sannan a sauya. Ma'auratan da suka fito don su kasance kusa da juna, a wurin da ya fi haɗari dole su raba tsakani.

Wani Ba'amurke mai bincike, Ian McCammon, ya bi bayanan haɗurra 715 da suka faru a Amurka tsakanin 1972 da 2003, yana neman dalilin da ke sa mutanen da suka ga alamun haɗari ƙuru-ƙuru su ci gaba. Abin da ya samu ba jahilci ba ne kawai, har da halayen ɗan Adam na yau da kullum. Sabo da wuri: mun sha bin nan ba abin da ya faru. Nacewa a kan niyya: mun riga mun ce yau sai ƙololuwa. Sallama wa wanda ake ganin ya fi sani, ko da sanin nasa bai taka kara ya karya ba. Son burgewa, inda ya lura tawagar da ta haɗa maza da mata takan fi kutsawa cikin haɗari. Ka karanta jerin nan ka sa ma'auratanmu a ciki. Sun roƙi kaka ta riƙe yara tun wata guda da ya wuce. Sun yi tuƙin awa huɗu. Jadawali ya ce yau awa biyar da hawan mita 1,200, agogo na ƙirgawa, abokai za su gani a manhajar Strava da daddare. Ɗayansu ya fi ɗayan daɗewa a harkar da shekara biyu, don haka shi ne "masani". Sai ta ji dusa ta yi wani gum a ƙarƙashin ƙafarta, alamar da duk littafin koyarwa ya ce a juya in an ji ta.

"Ka ji wannan?"

"Na ji. Ai saura kaɗan, ga sawun mutane can."

Abin da zai biyo bayan wannan ba ilimin dusa ne zai yanke shi ba, yadda suke zaune a gida ne. In ita ce mai yin shiru don a zauna lafiya, a nan ma shiru za ta yi. In shi ne wanda ba ya son a ga gazawarsa a gabanta, ba zai fara yau ba. Abokai biyu in suka saɓa a dutse, kowa ya koma gidansa ya huce. Mata da miji kuwa mota ɗaya za su shiga, su yi awa huɗu a ciki, kuma kowannensu ya san haka tun yana kan gangaren. Sau da yawa gudun wannan shirun na mota ne ke sa a ci gaba. Malaman kwasa-kwasan dusa suna da magani mai sauƙin faɗa: a yanke shawara tun a gida, da taswira a gaba, wane gangare ne ba za a taɓa ba, ƙarfe nawa za a juya ko an kai ko ba a kai ba, kuma duk wanda ya ce a koma, an koma, ba sai ya kawo hujja ba. Ni zan ƙara da cewa ranar dutse a cire ta daga jadawalin atisaye gaba ɗaya. In ta ba da awa biyar, riba ce. In ta ba da awa ɗaya da shayi a mota, ba a bin kowa bashi.

Wanda yake ganin ƙarfinsa ya wuce wannan, ya tuna da Roald Amundsen. A 1896, yana saurayi mai ji da kansa, ya yi niyyar ratsa Hardangervidda da hunturu tare da yayansa Leon, tudun nan dai da 'yan Norseman ke bi da keke a yau. Guguwa ta ɓatar da su, abinci ya salwanta. Wani dare ya haƙa rami a dusa ya kwanta, kafin safiya ta daskare a kansa ya kasa motsi. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, ɗan gashin jakar barcinsa ta fatar barewar ƙanƙara da ya leƙo waje ne abokin tafiyarsa ya gani, ya tono shi. Ba su ratsa ba, juyawa suka yi. Shekara 15 bayan haka, a Disamban 1911, shi ne mutum na farko da ya jagoranci tawaga zuwa ƙuryar kudancin duniya, kuma duk waɗanda suka je da shi sun dawo.

Hunturu ba ya biyan dukan bashin tirayatalon. Siki ba ya koya wa hannu kamun ruwa, don haka wurin iyo na nan daram sau biyu ko uku a mako. Ƙafar da ta yi wata uku tana zamewa ta manta dukan kwalta, wanda kuma ya koma gudu da zafinsa a Afrilu, huhu na cewa ƙara agara na cewa a'a, shi ke ƙarewa a wurin likita. Da yawa sukan rufe kakar da tseren Birkebeiner a watan Maris, kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, kowa goye da jaka mai nauyin kilo 3.5, don tunawa da jaririn ɗan sarki Håkon da mayaƙa biyu suka tsallaka duwatsu da shi a kan siki a 1206. Daga nan a wanke keke a fito da shi.

Kwas ɗin sanin dusa na matakin farko 'yan kwanaki ne. A ganina, mata da mijin da ba su taɓa binne jaka mai na'ura a fili sun sa agogo sun tono ta ba, kowannensu shi kaɗai ɗayan yana kallo, ba su da hurumin taka gangaren da ya kai digiri 30, ko baƙaƙen riguna nawa ne rataye a ɗakinsu.